Yadda ake gane ƙungiyar agaji tagari: jawabin ofishin kariya a taron iyalai

Mun gode wa mai gari da ya ba mu wannan rumfa.

Kun saba jin muryarmu tana juya maganar wasu zuwa Hausa. Yau shugabar ofishin kariya ta ce mu masu fassara mu yi magana da bakinmu, domin tambayar da za mu amsa mu aka fi yi wa ita, a bakin famfo ko a bayan layin rabo: masu rigunan nan kala-kala da suke zuwa da takarda da biro, wa za mu yarda da shi?

Tun 2019 da kuka fara tsallako iyaka daga Sabon Birni, Isa, Zurmi da Jibiya zuwa nan jihar Maraɗi, kun ga ƙungiyoyi da yawa. Wasu daga ƙasashen waje suke. Suna zuwa da ƙarfi, sun yi aiki mai yawa, amma kowane aikinsu yana da ranar farawa da ranar ƙarewa, in kuɗin ya ƙare sai motar ta daina zuwa. Wasu kuma na ƙasar nan ne, ma'aikatansu 'ya'yan Gidan Runji ne da Madarunfa da Tibiri, ba su da wata ƙasa da za su koma. A kan waɗannan za mu yi magana, tunda su ne za ku daɗe kuna hulɗa da su.

Bari mu ɗauki wadda kowa ya sani, ƙungiyar Red Cross ta Nijar, wadda mutanen nan suke kira Croix-Rouge. An kafa ta a 1963. Asalin irin waɗannan ƙungiyoyi yana komawa ga yaƙin Solferino a ƙasar Italiya, a 1859. Wani ɗan kasuwa mutumin Suwizalan, Henry Dunant, ya iske dubban sojoji kwance da raunuka babu mai kula da su. Bai zo da likitoci ba. Matan garin da ke kusa ne suka fito da ruwa da tsumma, suka yi jinyar kowa ba tare da tambayar ɓangaren da ya yi wa yaƙi ba. Daga nan ya kawo shawarar kowace ƙasa ta horar da 'yan sa-kai nata tun lokacin zaman lafiya. Shi ya sa har yau kowace ƙasa ƙungiya ɗaya take da ita irin wannan, Nijar da tata, Najeriya da tata. Wasu iyayenmu sun taɓa tambayarmu ko alamar nan ta addini ce. Tutar Suwizalan ce aka juya launinta, kuma a ƙasashe irin su Turkiyya, Masar da Saudiyya jan jinjirin wata ake sawa, aikin ɗaya ne.

Amfanin ɗan ƙasa a aikin agaji ba ya ɓuya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ya san in damina ta kankama gulbi ya kawo, akwai ƙauyukan da mota ba ta isa, don haka dole buhu ya riga ruwa zuwa. Ya san watannin da rumbu yake ƙarewa kafin sabon gero ya nuna. Dattawan nan ba su manta 2005 ba, shekarar yunwar da ta biyo bayan fari da farar da suka cinye amfanin gona a 2004, taimakon waje bai iso ba sai da yara da yawa suka rame. Ƙungiyar da ta san aikinta tana da ajiya, tana da mutanen da ta koya wa taimakon gaggawa a cikin ƙauyuka tun kafin abu ya faru.

Amma zama ɗan ƙasa yana da nasa haɗari. Ɗan ƙasa yana da dangi, yana da surukai, yana da ɗan siyasar da ya taɓa yi masa alheri. A 1965, a birnin Biyana, ƙungiyoyin Red Cross na duniya suka amince da ƙa'idoji bakwai. Ba za mu lissafa muku su duka ba. Wadda ta fi shafar tukunyarku ita ce wadda ta ce buƙata kaɗai ake dubawa, ba ƙabila ba, ba addini ba, ba jam'iyya ba, kuma wanda ya fi matsuwa shi ake fara wa. Wannan yana da daɗin faɗa, a layin rabo yake da wuya. Mun san abin da ya kore ku daga gida, kuma mun san yadda zuciya take yi in aka ga Bafulatana a cikin layi. To ita ma an kore mata shanu, an kashe mata miji, da goyo ta tsallako kamar kowa. Ma'aikacin da ya tsallake sunanta don ya faranta wa jama'a rai, gobe zai tsallake naka don ya faranta wa wani. Haka kuma mutanen garuruwan nan da suka buɗe muku zaurukansu tun kafin wata mota ta iso, suka raba hatsinsu da ku. In kun ga an sa marasa ƙarfinsu a cikin rabo, kada ku ce an ci naku. Ƙungiyar da ta manta da masu masauki tana shuka gaba a bakin rijiya.

Irin wannan ƙungiya tana aiki da hukumomin ƙasa, doka ma ta san ta a matsayin mai tallafa musu wajen agaji. Sai dai jerin sunayen waɗanda za a ba, buƙata ce take rubuta shi. Duk wanda ya ce muku buhun nan daga wane ne, ku tuna da shi ranar zaɓe, ko ya ce sai kun bi ta hannun wani babba kafin sunanku ya shiga, ku zo ku faɗa mana.

Abu na gaba shi ne lissafi. Ƙungiya tagari tana faɗa muku abin da za ku samu tun kafin ranar rabo: nawa ne, na mutum nawa, na kwana nawa, yaushe na gaba zai zo. In an rage, tana tara ku ta faɗi dalili, ba ta bari ku ji a bakin ma'auni. Akwai mizanin da ƙungiyoyin agaji na duniya suka yarda da shi, ana ce masa Sphere, an fara shi a 1997. A cikinsa, mafi ƙarancin ruwan da mutum ɗaya yake buƙata a rana lita 15 ne, na sha da girki da wanka. Gida mai mutum 7 ke nan lita 105, jarka huɗu ta lita 25 da ɗan ƙari. Wurin ɗibar ruwa kada ya wuce mita 500 daga gida, bayan gida ɗaya kuma kada ya wuce na mutum 20. Ba mu ce kullum ana cika wannan ba, mu ma muna ganin layin jarkoki da asuba. Mun faɗa muku ne don in wakilinku ya tashi a taro ya sami abin da zai auna da shi, ya ce gidana mutum 7 ne, jarka biyu muke samu, ina sauran?

Yanzu ga wani kuskure da mu masu fassara muka yi da bakinmu. In bature ko ma'aikaci ya ce kayan nan ba a biya, mukan juya muku da cewa kyauta ne. Da Hausa kuwa, kyauta tana da tukwici. Wanda ya kawo maka kyauta ba ka barinsa ya tafi hannu rabbana, tarbiyyar da aka yi mana ke nan. Sai da wata iyarmu, mai jikoki huɗu a hannunta, ta zo ofis tana ba da haƙuri wai wannan watan ba ta da abin da za ta ba yaron da yake riƙe mata kati, muka gane ɓarnar. Wata uku tana cire kwano ɗaya daga rabonta tana ba wani ɗan sa-kai na wata ƙungiya, shi bai taɓa roƙa da baki ba, bai kuma taɓa ƙi ba. An bincika, an karɓe masa riga, an mayar mata da katinta. Daga ranar muka sauya kalma. Kayan agaji haƙƙinku ne, an riga an biya kuɗinsa da sunanku. Babu tukwici, babu na goro, babu kuɗin rajista, babu kuɗin hoto. Katinku kuma a hannunku yake kwana.

Akwai abin da ya fi kwanon hatsi muni, kuma iyaye mata sun san abin da muke nufi. A 2002 wani bincike a sansanonin Gini, Laberiya da Saliyo ya bayyana cewa wasu ma'aikatan agaji suna neman 'yan mata da musayar abinci da leda. A 2003 Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da doka a kan ma'aikatanta, kuma ƙungiyoyin da suke aiki da ita suna ɗaukar alkawarin bin ta: haramun ne a nemi mace da musayar kuɗi, aiki, kaya ko taimako, haramun ne kuma a kusanci wanda bai kai shekara 18 ba, ko da an ce ya yarda. In haka ta faru, laifin na ma'aikacin ne, yarinyar ba ta da laifi. Muna da mata masu sauraron irin wannan magana a ɗaki, ba a gaban maza ba, kuma ba ta fita.

Kada ku ɗauka akwai ƙungiyar da ba a taɓa samun ɓarawo a cikinta ba. A 2017 tarayyar ƙungiyoyin Red Cross ta duniya ta fito da kanta ta ce fiye da dala miliyan 5 na yaƙi da cutar Ebola a Afirka ta Yamma sun salwanta ta hanyar zamba. Abin kunya ne, amma masu bincikenta ne suka tono, ita ce kuma ta sanar. A ganinmu nan ne ake rabe tagari da wadda ba ita ba. Ku duba: tana da inda ake kai ƙara? Wanda ba ya karatu yana iya kaiwa da baki? Ana dawo masa da amsa? Wanda ya kai ƙara watan jiya, sunansa yana nan a rabon wannan watan? In amsar ta ƙarshe a'a ce, sauran kirkinta ba zai amfane ku ba, domin kowa zai kama bakinsa.

Muna roƙonku kuma kada laifin mutum ɗaya ya shafi sauran. Yawancin yaran nan masu riga ba albashi suke ɗauka ba, ɗan abin mota da na abinci ne. A Janairun 2017, da jirgin sojan Najeriya ya jefa bam bisa kuskure a sansanin Rann a jihar Borno, shida daga cikin waɗanda suka rasu ma'aikatan Red Cross ta Najeriya ne da suka je rabon abinci. In an jinkirta rabo, ba yaron da ke riƙe da igiyar layi ya jinkirta shi ba. Ku bar shi, ku kawo maganar inda za a iya gyara ta.

Waɗanda suka rabu da ɗa, ko miji, ko iyaye a hanya, ku je wurin 'yan Croix-Rouge ku ba da cikakken suna, sunan uba, garin asali da inda aka rabu. Ƙungiyoyin ƙasashe suna miƙa wa juna irin wannan nema, shi ma ba a biya. Wanda duk ya zo rubuta sunaye, ku nemi ya nuna katin aikinsa, ku tambayi shugaban kwamitinku ko an sanar da zuwansa, in ba a sanar ba kada ku ba da katinku ko lambar wayarku. Mu kuma muna ofishin kariya duk ranar aiki daga safe, akwatin ƙorafi yana bakin ƙofa, wanda ba ya so a gan shi yana shiga ya yi mana magana a hanya, za mu same shi a inda ya zaɓa.

Yanzu za mu karɓi tambayoyi, iyaye mata su fara. Allah ya ba mu zaman lafiya, ya mai da kowa gidansa cikin aminci.