Haraji da Haƙƙin Mai Biyansa: Jawabi ga Magidanta a Fadan Kaje



Tambayar da matasanmu ke yi a kasuwa ita ce: don me za mu biya haraji, alhali in an zo rabon gurbin karatu ko aikin ƙaramar hukuma sai a ce mu kawo takardar shaidar asali? Tambaya ce mai nauyi, bai kamata mu kauce mata ba.

Ƙin haraji ba baƙon abu ba ne a Arewa. Tun 1950 NEPU take yaƙi da yadda En'e ke tatsar talaka, kuma a 1979 Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a Jihar Kaduna. Kada mu manta, kakannin maƙwabtanmu Bajju su ma sun sha wannan uƙubar. A Amurka ma akwai masu ra'ayin gwamnati ta tsame hannunta daga dukiyar mutane. Wani malaminsu, Robert Nozick, ya rubuta a 1974 cewa cire haraji daga gumin mutum daidai yake da sa shi aikin tilas. Maganar tana da daɗin ji. Amma fa mai hali ne ke iya haƙa rijiyar burtsatse, ya kai ɗansa asibitin kuɗi. Mu da matanmu ke zuwa awo asibitin gwamnati, in baitulmali ya bushe mu ne za mu fara ji a jikinmu.

Tsarin Mulkin 1999, sashe na 24, ya wajabta wa kowa biyan haraji. Shi ɗin dai, a sashe na 42, ya hana nuna wa ɗan Najeriya bambanci saboda ƙabila ko asali ko addini. Kuma harajin kuɗin shiga inda mutum ke zaune yake biyansa, ba garin kakansa ba. To tunda ba a tambayar asali wajen karɓa, hujjarmu ke nan wajen rabo.

Sai dai hujja ba ta tsayuwa babu rasit. Dokar 1998 da ta jera harajin da kowace hukuma za ta karɓa ta haramta tare hanya don karɓar kuɗi. Dokar harajin Kaduna ta 2016 ta hana ma'aikaci karɓar kuɗi a hannu. Dokar tarayya ta 2025 kuma ta ɗauke harajin kuɗin shiga ga wanda abin da yake samu a shekara bai wuce naira 800,000 ba.

Saboda haka duk mai rumfa ko shago ko mahauci ya tattara rasit ɗinsa na bara da bana ya kawo wa sakatare. Da su za mu je Zonkwa mu nemi a nuna mana kasafin kuɗin ƙaramar hukumar Zangon Kataf, mu ga abin da aka ware wa unguwanninmu.