Jawabi ga Hakimai da Malamansu a kan Awon Jini Kafin a Yi wa Mace Aikin Ciwon Daji

 Maganar yau ta cikin gida ce, irin wadda ba ta cika isa zaure ba sai abu ya ɓaci, saboda haka ana roƙon a saurare ta da haƙuri.

A cikin marar kowace mace akwai waɗansu 'yan gaɓoɓi biyu, ɗaya dama ɗaya hagu da mahaifa, kowanne bai fi girman dabino ba. Su ne gidan ƙwai, inda ƙwan haihuwa yake fitowa. Ciwon daji yakan kama su, ya fi kuwa kama matan da suka daina al'ada. A farkon kamuwa ba safai yake nuna kansa ba, sai kumburin ciki, da saurin ƙoshi, da yawan fitsari, da nauyi a mara, abubuwan da kowace tsohuwa za ta ce ba kome. A lissafin 2022 mata wajen 324,000 suka kamu da shi a duniya, wajen 207,000 kuma suka rasu, yawancinsu domin an gano shi a makare.

A ɗauka misali ga wata dattijuwa a Soron Ɗinki, shekarunta hamsin da biyar, cikinta ya yi wata uku yana tasowa. Maƙwabta su ce kwantaccen ciki ne ya tashi, wasu su ce jifa ne. Da ƙyar ɗanta ya kai ta Asibitin Murtala, aka ɗauki hoton cikin, aka ga ƙari a gidan ƙwai. To, a nan likita yake shiga tsaka mai wuya. Ƙari iri biyu ne, akwai mai lafiya wanda in an cire shi an gama, akwai na daji. Ba a tabbatar da ko wanne ne sai an ciro shi an duba naman a madubin likita. Ba a kuma son a huda shi tun yana ciki, kada ya fashe cutar ta watsu. Ga shi aikin ba ɗaya ba ne: na farko ƙaramin aiki ne, na biyu babba, yana bukatar gwani da tanadin jini, a babban asibiti kamar na Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988. Watau tilas likita ya yi kirdado mai kyau tun bai ɗauki wuƙa ba. Don haka yake neman jinin hannunta.

Awon da aka fi sani shi ne CA-125, wanda Likita Robert Bast da abokan aikinsa suka gano a Amurka a 1981. In ya haura 35 sai likita ya sa ido. Amma fa yana da rauni biyu. A farkon ciwon, wajen rabin mata ne kaɗai nasu yake hawa. Sa'an nan yakan hau ba tare da daji ba, kamar ga mai juna biyu, da mai ƙarin mahaifa, da mai tarin fuka na ciki, wanda ba baƙo ba ne a ƙasar nan, yana kuma kama da dajin ƙwarai. Wannan ya sa masana suka shiga neman shaida ta biyu, suka waiwayi wani tsohon ilmi.

A 1865 wani likitan Faransa, Armand Trousseau, ya bayyana cewa masu ciwon daji jininsu yakan yi gudaji a cikin jijiya ba gaira ba dalili. Abin tausayi, daga baya ya ga alamar a jikinsa, ya rasu a 1867 da dajin tumbi. Dalilin shi ne dajin yana sakin abubuwan da ke zuga jini ya daskare. Idan jini zai daskare, waɗansu ƙananan ƙwayoyi ne suke taruwa su toshe wurin, kana wani sinadari da ake kira fibirinojin ya juye ya zama zare ya ɗinke su. In aiki ya ƙare jiki ya warware ɗinkin, guntayen zaren su bi jini. Waɗannan guntaye su ake kira di-daima. Duk ukun ana iya auna su da ɗan jinin da bai kai cokali biyu ba. Ƙwayoyin toshiyar, alal misali, ga mai lafiya suna tsakanin 150,000 da 450,000 a ma'aunin da aka saba, wani bincike kuwa da aka buga a Amurka a 2012 ya sami kusan ɗaya cikin uku na masu wannan daji nasu ya wuce iyaka.

Sai dai a yi hattara. Wanda ya shiga shagon maɗinki ya ga guntayen zare a ƙasa ya san an yi ɗinki an yi farka, amma bai san ko riga ce ko wando ba. Haka di-daima yake: yana hawa ga mai ciki, da tsoho, da mai sikila, da wanda ƙwayar cuta ta shiga jininsa. Ƙarancin sinadarin ƙarfe yana ɗaga ƙwayoyin toshiya, zazzaɓin cizon sauro yana saukar da su. Har yanzu masana bincike suke yi, ba su mai da awon daskarewa hukunci ba. Likita yana haɗa shi ne da hoton ciki, da CA-125, da shekarun mace. Duk wanda ya ce da awon jini kaɗai ya ga daji, ko ya wanke mace daga gare shi, ya faɗi abin da ya fi ƙarfin takardarsa.

Akwai wani amfani wanda babu gardama a kansa. Gudan jini yakan kwanta a jijiyar ƙafa, ya tsinke bayan aiki ya toshe huhu, mace ta rasu alhali aikin ya yi kyau. In likita ya yi zato tun da wuri, sai ya duba ƙafar, ya ba da allurar tsinka jini, wani lokaci har mako huɗu bayan aiki.

Abin da ya rage na hakimi ne, domin magana daga bakinsa ta fi ta ma'aikacin asibiti nauyi. Ya gaya wa dagatai da masu unguwanni cewa macen da ta daina al'ada, cikinta ya kumbura ya wuce mako uku, asibiti za a kai ta, kada maigida ya ja lokaci wajen ba da izini. Ya kuma kwantar da hankalin masu tsoron ɗibar jini. Malamin hakimi kuwa, da yake shi ake kawo wa takarda ya karanta, kada ya fassara lambobin da kansa. Ya rubuta ranar da kumburin ya fara, ya haɗa takardun awo duka a ambulan ɗaya, ya ce a miƙa wa likitan da zai yi aikin hannu da hannu.