Faɗuwar Tsofaffi A Gida: Gyaran Yana Hannun 'Ya'ya

Wannan shi ne taƙaitaccen jawabin da wani ɗan uwa, ma'aikacin lafiya mai koya wa tsofaffi dabarun gudanar da ayyukansu na yau da kullum, ya gabatar wa matasa.

Bayan godiya ga Allah da salati ga Manzo (S), ya bayyana cewa a ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021, mutum 684,000 ne ke mutuwa duk shekara sanadiyyar faɗuwa, kuma 'yan sama da shekara 60 ne abin ya fi shafa. Tsoho in ya karye a ƙugu, sau da yawa kwanciyar ke nan.

Ya ce a aikinsu sukan bi sawun tsoho ne tun daga shimfiɗarsa har makewayi da wurin alwala, musamman hanyar da yake bi da duhun Asuba. Duk abin da zai harɗe shi a kawar: tabarmar da bakinta ya naɗe, igiyar wuta, turmi. A kankare gansakuka, a rage tsayin dokin ƙofa, a kafa ƙarfen dafawa a makewayi, a ajiye masa tocila a gefen matashi.

Ya ƙara da cewa in tsoho yana jin jiri, a kai magungunansa likita ya duba, a kuma auna idonsa. Kada a hana shi tafiya, domin zama ke kashe ƙafa.

A ƙarshe ya yi kira ga 'yan uwa da kowa ya zagaya gidan mahaifansa yau ɗin nan, domin wannan ma hidimar iyaye ce.

Wassalam.