Karatu da Kunne



Mu 'yan kasuwar Lafiya, tsakani da Allah, yaushe rabonmu da buɗe littafi? Tun asuba muna kan doya da riɗi, dare ya yi sai barci. A mota kuwa, da can kaset ɗin tafsiri kawai muka sani. To, bana a hanyar Makurɗi yaron mota ya kunna mana karatun Magana Jari Ce a waya, littafin nan na Abubakar Imam na 1937. Wallahi har muka haye gadar Binuwai ba mu ankara ba!

Abin da ya dame mu, yaranmu haifaffun nan ba su san Waziri Aku ba. Muna roƙon ƙungiya ta sayi lasifika, mu riƙa sauraro tare da su kowace Juma'a bayan la'asar.