Ƙaramin injin sassaƙar ƙarfe: a ci kaɗan-kaɗan

Yau zancenmu da maƙera da makanikai ne na Birnin Ƙonni, Malbaza da Illela, masu ƙaramin injin sassaƙar ƙarfe, wanda ake kira tur. Manoman albasar Galmi suna kawo muku sandar injin ban-ruwa ku gyara, kowa yana sauri don kada shuka ta bushe. To, a nan haɗari yake.

Ƙaramin tur ba ya cin ƙarfe da yawa. Idan baƙin ƙarfe ne, kada zurfin yankan ya wuce rabin milimita a tafiya guda. Ku sake komawa sau uku, sau huɗu. Kun ji injin yana kakkarwa ko yana nishi? Ku rage. Ƙarfe mai kauri, juyi a hankali: sanda mai kaurin milimita 25, juyi 400 a minti ya ishe ta. In tsawon da ya fito waje ya fi kaurinta sau uku, ku tokare ƙarshenta, kada ta lanƙwashe ta doke ku.

Babbar riga, rawani da safar hannu, a tuɓe su. Injin ba ya sakin abin da ya kama. Ku sa tabarau. Ku zare makullin ɗaurewa kafin ku kunna. Ɓarɓashin ƙarfe yana yanka kamar aska, sai injin ya tsaya a share shi da buroshi.

Idan wuta ta ɗauke, ku kashe injin nan take, don kada ta dawo hannun yaron shago yana ciki.

Sai mako mai zuwa.