Waƙoƙin da Suka Fi Masu Su Tsawon Rai

Jawabin Ƙungiyar Mawaƙa a Bikin Cika Shekara 50



An roƙe mu mu faɗi waƙoƙin da muka fi ƙauna cikin manyan waƙoƙin duniya. Masana suna gardama a kan wadda ta fi. Waɗansu sukan zaɓi babban kiɗa na tara na Betoben, wanda aka fara yi a Biyana a 1824, lokacin da shi mai kiɗan ya riga ya kurumce. Mu dai mun zaɓi guda biyu, kuma za mu faɗi dalili.

Ta farko ita ce Almasihu, wadda Joj Handel ya tsara. A cikinta ne aka sami Halleluya ɗin nan da jama'a sukan miƙe tsaye in an fara ta. An haifi Handel a Jamus a 1685, amma a Landan ya yi yawancin aikinsa. Wani mutum mai suna Cals Jenens ne ya tattara kalmomin daga Littafi Mai Tsarki, Handel kuma ya sa musu murya cikin kwana 24 kacal a 1741. An fara rera ta a Dablin, ƙasar Ailan, ran 13 ga Afrilu 1742. Domin wuri ya ishi jama'a, aka roƙi maza su bar takubbansu a gida, mata kuma kada su sa riguna masu faɗi. Mutum wajen 700 suka halarta. Kuɗin da aka tara, kimanin fam 400, an raba wa asibitoci biyu da kuma waɗanda aka ɗaure saboda bashi. Da wannan kuɗi aka saki mutum 142 daga kurkuku. Daga 1750 kuma Handel yakan shirya ta kowace shekara domin taimakon wani gidan renon yara marasa galihu a Landan. Bai daina ba ko bayan ya makance, har ya rasu a 1759.

Ta biyu ita ce Shan Wuyar Almasihu bisa ga Bisharar Matiyu, ta Yohan Sebastiyan Bak. Shi ma Bajamushe ne, haifaffen 1685, ya kuma zama maraya kafin ya cika shekara 10. Daga 1723 har rasuwarsa a 1750 shi ne shugaban mawaƙa a majami'ar Toma ta garin Laifzig. Aikinsa irin namu ne: koyar da yara, shirya waƙar Lahadi, da tsawata wa masu zuwa a makare. A shekarunsa na farko a can, kusan kowane mako sai ya tsara sabuwar waƙa, kuma wajen 200 cikin irin waɗannan waƙoƙi da ya tsara a rayuwarsa suna nan har yau. A ƙarshen takardunsa yakan rubuta haruffa uku, S.D.G., wato ɗaukaka ga Allah kaɗai. Handel ma haka ya rubuta a ƙarshen Almasihu.

Amma ku ji abin da ya faru. Bayan rasuwar Bak an bar rera wannan babbar waƙa, sai ka ce ba a taɓa yin ta ba. Sai a 1829 wani saurayi ɗan shekara 20, Feliks Mendelson, ya tara mawaƙa a Balin ya sake rera ta, duniya ta farka. Abu biyu ne suka cece ta: an rubuta ta a takarda, an kuma sami matashi da ya damu da ita.

A nan ne maganar ta shafe mu. Iyayenmu da suka kafa wannan ikkilisiya sun tsara waƙoƙi da harshen Hausa da harsunanmu na gida, da ganga da tulu da caki. Yawancinsu ba a rubuce suke ba, a bakin tsofaffi kawai suke. Duk tsohuwar da muka binne, da waƙoƙinta muke binne ta. Masu iya karanta do-re-mi a cikinmu kuma raguwa suke yi.

Saboda haka muna roƙon abu uku. Na ɗaya, majalisar dattawa ta naɗa waɗanda za su zauna da iyayenmu, su ɗauki muryoyinsu, su rubuta kalmomin kafin shekara ta ƙare. Na biyu, iyaye ku bar 'ya'yanku su zo koyon waƙa, su kuma zo a kan lokaci. Na uku, sau ɗaya a shekara mu yi daren waƙa, baikon da aka tara ya tafi ga gwauraye da marayu da marasa lafiya, kamar yadda aka yi a Dablin.

Mu da muke tsaye a nan, da wuya mu ga bikin cika shekara 100. Addu'armu ita ce waɗanda za su tsaya a wannan wuri ran nan su sami waƙoƙin kakanninsu a hannu, su rera su daidai.

Ubangiji ya sa mana albarka duka. Amin.