Jawabin Ƙaddamar da Shirin Horar da Ɗalibai Rubutun Insha'in Muhawara



Insha'in muhawara shi ne rubutun da ake ajiye wa ɗalibi magana mai fuska biyu, a ce ya ɗauki ɓangare guda ya kare shi har mai karatu ya gamsu. Shi ne abin da shirin da ake ƙaddamarwa yau zai koyar, kuma dalilin ware masa shiri na musamman yana cikin yadda hanyar shiga jami'a take a Nijeriya. Jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 a kwamfuta ake yin ta baki ɗaya, ta zaɓi ce. Ana ba da tambaya da amsoshi huɗu, ɗalibi ya latsa guda, ba ya rubuta ko jimla ɗaya ta ƙashin kansa. Amma komai yawan makin da ya ci a can, jami'a ba ta ba shi gurbi sai ya kawo kiredit biyar daga jarrabawar kammala sakandare, kuma Turanci na cikinsu. A takardar Turancin ce ake neman insha'i. Da yawa daga cikin yaran da ke zaune gida shekara biyu, uku, suna jiran sake jarrabawa, Turanci ne ya riƙe su.

Hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952, kuma take shirya wa Nijeriya da Ghana da Saliyo da Gambiya da Laberiya jarrabawa, ta ba sashen insha'i maki 50. Takan kawo batutuwa biyar, ɗalibi ya zaɓi ɗaya ya rubuta kalmomi kamar 450 cikin minti 50. Makin ya kasu huɗu: 10 na ƙunshiya, wato abin da aka faɗa, 10 na tsari, 20 na iya sarrafa harshe, 10 kuma na kiyaye ƙa'idojin rubutu. Tsarin NECO, da aka kafa a 1999, bai yi nisa da wannan ba. Wanda ya dubi rabon zai ga harshe ne ya kwashe kaso mafi tsoka, sai ya ɗauka hardace manyan kalmomi ne mafita. Sai dai maki 20 na ƙunshiya da tsari tun kafin a rubuta jimlar farko ake cin su, kuma ɗalibin da bai san abin da yake son faɗa ba, jimlolinsa ma cakuɗewa suke yi.

Aikin yana farawa daga karanta tambaya. Ba kullum muhawara ke zuwa da sunanta ba. Wani lokaci jawabi ake nema a gaban alƙalan gasa, to dole a buɗe da gaishe da shugaban zama da alƙalai da mai lura da lokaci da abokan karawa, a kuma faɗi ko goyon baya ake yi ko suka. Wani lokaci maƙala ce ga jarida, mai buƙatar kanu da sunan marubuci. Wani lokaci wasiƙa ce ga shugaban ƙaramar hukuma, mai adireshi biyu. Wanda ya yi wa editan jarida gaisuwar alƙalan gasa ya zubar da makin tsari tun a layin farko.

Sai ɗaukar matsaya, kuma a nan ɗalibai da yawa ke sanyi. Yaron da ya tashi cikin tarbiyyar kunya da kawaici ya saba kauce wa yanke hukunci a gaban manya, saboda haka idan aka tambaye shi wacce ta fi tsakanin makarantar kwana da ta jeka-ka-dawo, sai ya rubuta cewa kowacce da amfaninta, ya lissafa na wannan, ya lissafa na waccan, ya ajiye biro. Kawaici ado ne a zaure, amma mai duba takarda ba ya ba shi maki. Ana so tun a sakin layi na farko a ji inda marubuci ya tsaya, a cikin jimla guda wadda wani zai iya musantawa. Ba lallai ne ɓangaren da ya ɗauka ya zama wanda zuciyarsa ta fi so ba. Wanda ya fi samun hujjoji a kansa shi ne abin ɗauka.

Hujjoji uku masu ƙarfi sun ishi kalmomi 450, kowacce da sakin layinta. Abin da ke raba insha'i mai kyau da na cika takarda shi ne yadda ake raya hujja. A ɗauki ɗalibar da ke kare makarantar jeka-ka-dawo. Idan ta rubuta cewa irin wannan makaranta ta fi kyau domin iyaye suna lura da 'ya'yansu, ta tsaya nan, da'awa kawai ta yi. Idan kuwa ta ci gaba ta ce uwar da ke ganin ɗiyarta kowace yamma za ta lura ranar da ta dawo ba walwala, ko ta daina cin abinci, ko littafinta ya kwana uku ba a duba ba, alhali uwar 'yar makarantar kwana sai ranar ziyara take jin labari, bayan abin ya yi makonni, to ta kawo shaida. Daga nan ta ɗaure zancen da jimla guda mai nuna cewa matsalar da aka gano da wuri ta fi sauƙin gyara. Matsayin marubuci a nan kamar na mai ƙara ne a gaban alƙali, wanda ba a yanke masa hukunci da yawan rantsuwa sai da shaidu. Kuma shaidar da ɗalibi ya gani da idonsa a unguwarsu ta fi alƙaluman da ya ƙirƙira a ɗakin jarrabawa, domin mai duba takarda malami ne, ya san lissafin ƙarya idan ya gan shi.

Mataki na gaba, wanda ɗalibai suka fi tsallakewa, shi ne fuskantar hujjar abokin karawa. Wannan ba baƙon abu ba ne a tarihin rubutu na ƙasar nan. Bayan jihadi ya isa Borno a 1808, Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi ya rubuta wa shugabannin jihadi wasiƙu yana neman hujjar yaƙar ƙasarsa. Bai musanta cewa ana aikata saɓo a Borno ba. Ya yarda da hakan, sannan ya kafa hujja cewa saɓo ba ya fitar da mutum daga Musulunci, kuma akwai irinsa a wasu ƙasashen Musulmi. Muhammadu Bello kuma, ɗaya daga cikin shugabannin jihadin, a littafinsa Infaƙul Maisuri da ya kammala a 1812, ya kawo maganar al-Kanemi tukuna kafin ya mayar da martani. Ko wane ɓangare mai karatu ya karkata, zai ga malaman biyu ba su ɓoye ƙarfin maganar juna ba. Haka ake so ɗalibar nan ta yi. Ta yarda cewa makarantar kwana tana ba da lokacin karatun dare da babu aike ko talla a cikinsa, domin gaskiya ne, sannan ta nuna cewa gida mai tsari yana iya ware wannan lokaci, kuma ba tare da kuɗin kwana da na abinci ba. Zaɓar hujja mafi rauni ta abokin karawa don a ji daɗin rushe ta ba ya gamsar da kowa.

Game da harshe, gajeriyar jimla mai lafiya ta fi doguwa mai karaya a tsakiya. Gabatarwar da aka hardace daga littafin tambayoyin baya, mai duba takarda ya karanta irinta sau ɗari kafin ya iso wannan takarda, kuma da zarar hardar ta ƙare yakan ga inda muryar ɗalibi ta gaskiya ta fara. A ɓangaren ƙa'idojin rubutu, rabin maki ake cirewa a kan kowane kuskure, wato kurakurai 20 sun cinye makin 10 ƙurmus. Ɗalibi Bahaushe yana da wuraren tuntuɓe sanannu: musanya harafin p da f, maimaita wakilin suna bayan suna kamar yadda Hausa ke yi, da rikita lokutan aikatau. Waɗannan ana iya kama su idan an bar lokacin bita. Saboda haka ake shawartar a ba tsara hujjoji minti biyar zuwa bakwai a gefen takarda, a bar wa bita minti biyar a ƙarshe, sauran a yi rubutu.

A kan wannan aka gina shirin. Kowane batu za a fara tafka muhawara a kansa da baki, da Hausa in an so, domin tunani ya nuna kafin a shiga wahalar Turanci, kuma ribar hakan za ta kai har ga insha'in takardar Hausa. Sannan a rubuta shi cikin minti 50 da agogo a gaba. Malami zai duba da ma'aunin nan huɗu, ya mayar, ɗalibi ya sake rubuta insha'in nan dai, ba sabo ba, domin a wurin sake rubutu ake koyon gyara. Za a riƙa kawo sharhin jaridu aji ana feɗe shi, a nemo matsaya, a ƙirga hujjoji, a ga inda marubuci ya amsa wa masu sukarsa. Abin da ake nema daga iyaye shi ne su sauƙaƙa wa yara aike a ranakun horo, kuma su bar su su kawo hujja a gida cikin ladabi idan ana tattauna wani al'amari.

Da sunan Allah aka buɗe wannan shiri. Allah ya sa albarka, ya ba ɗalibai nasara.